Gwadon da Ya Dawo daga Damagaram

Shin Malam ya san ba zai iso gida ba sa'ad da ya yi mini maganar gwadon nan? Na tambayi kaina a kan sallaya, na tambayi kaina a bakin murhu, har yau ban samu amsa ba. In ya sani, me ya hana shi yi mini maganar 'ya'ya, ko gona, ko ya ce mu yafi juna? In kuma bai sani ba, me ya sa ya riƙe mini hannu a cikin mota, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba?

Sunana Mairo. A Nasarawan Doya aka kawo ni aure, amma asalina 'yar Saulawa ce ta ƙasar Ikara, kuma da sunan garin nan namu Malam yake kirana har ya bar duniya. Ban iya rubutu ba. Surukata Rakiya, matar ɗana Sani, ita ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Tun da na fita takaba mata ke shigowa, in sun gama gaisuwa sai su gyara zama su ce, "Goggo Mairo, wai yaya Damagaram ɗin take?" Na gaji da farawa ina tsayawa a tsakiya saboda kuka. Shi ya sa na ce a rubuta, duk wadda ta tambaya a karanta mata.

Sai na fara da dokar gidanmu, don in ba a san ta ba ba za a gane sauran ba. A gidanmu kayan tafiya ba sa tsallake zaure. Muna da sauran ƙuruciya Malam ya je ci-rani kudu, ya dawo da akwatin kwano, a cikinsa da atamfar tsarabata, a cikin atamfar da kuɗin cizo. Ba mu lura ba sai da suka cika ɗaki. Suka shiga tsagar bango, suka shiga ƙafar gado, yara suka yi ta susa har jikinsu ya yi gyambo. Ƙarshenta sai da aka fitar da katifar rimi da mahaifiyata ta yi mini ta aure, aka cinna mata wuta a bayan gida. Malam ya ga fuskata.

Daga ranar ya kafa doka. Duk wanda ya kwana a wani gari, ɗan gida ne ko baƙo, jakarsa a zaure za ta tsaya. A hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunyar biki, tufafi su shiga tafasasshen ruwa. Abin da ba ya shiga ruwa, irin su takalmi da jakar kanta, a ɗaure a baƙar leda a ɗora kan kwanon rufi rana ta gasa. Matafiyin ya wuce banɗaki ya yi wanka, a miƙa masa kayan gida. Fiya-fiya, maganin ƙwarin nan, kuwa bai yarda da ita ba, ya ce ya taɓa ganin inda ta kwantar da mutanen gida ta bar ƙwarin suna yawo. Mutanen gari suka sa masa suna Kwastan. In ya wuce majalisa sai a ce, "Kwastan, yau an kama wani abu?" Shi kuma ya ce, "Ku dai ku ci gaba da susa."

Autarmu Binta ta auri wani ɗan Damagaram mai zuwa sarin mazarƙwaila kasuwar Makarfi. Tun da aka kai ta ba mu taɓa taka gidanta ba. Kullum ta kira waya sai ta ƙare da, "Inna, kun yar da ni." Da babbar Sallah ta matso Malam ya ce a can za mu yi ta.

Sani ya ce, "Baba, ga aikin gona ya taso, ga tarin nan naka."

Malam ya ce, "Gona kai za ka yi. Tari kuwa ai tare muka tsufa, ba ya son in tafi in bar shi."

Na ɗaure wa Binta mazarƙwaila da daddawa da kuka da garin masara. Malam ya naɗe tabarmarsa, ya sa igiya da baƙaƙen leda a aljihun jaka, ya ɗora gwadonsa a kafaɗa. Gwadon farin saƙi ne mai baƙin layi, na same shi da shi tun ranar da aka kawo ni. Da shi yake fita masallaci da asuba, da shi yake zama a zaure in ana ruwa. Ko an wanke shi, kafin a ce haka ya koma warinsa: goro, da hayaƙin itace, da turaren Juma'a, da wani abu da ba shi da suna sai dai in ce Malam.

Masu mashin suka kai mu Tashar Yari, muka samu motar Kano. A nan muka haɗu da wata Hajiya Tabawa, 'yar Kudan, mai kai busasshen tumatir da barkono Damagaram. Mace ce mai jiki da baki. Buhun barkononta ɗaya ya yage a bayan mota, muka yi ta atishawa tun daga Kwanar Dangora har Kano. Direba ya yi ta faɗa, ita kuma ta ce masa, "Ɗana, ka gode Allah, na wanke maka hanci kyauta." Da ta ji inda za mu sai ta ce mu biyo ta, ta san hanya kamar tsakar gidanta. A tashar Kano ita ta ja mu cikin hayaniya har motar Daura, tana riƙe da gefen mayafina kamar yarinya.

Bayan Kazaure taya ta fashe. Aka fito da ta ajiya, ashe ita ma ba iska. Muka zauna a gindin wata bishiya muna cin gyaɗa, yaron mota ya tafi neman mai faci. Kafin mu iso bakin iyaka rana ta yi sanyi, motocin ƙetare sun tashi. Hajiya Tabawa ta ce akwai gidan kwana kusa da tasha, nan take sauka in haka ta faru.

Gida ne mai ɗakuna a jere, da bishiyar darbejiya a tsakiya. Mai gidan ya buɗe mana ɗaki, ga gado da katifa da zanen gado mai fure. Ni dai na gaji, na nufi gadon da jakata. Malam ya ce, "'Yar Saulawa, tsaya a nan." Ya ɗaga katifar ya juya ta wajen haske, ya bi ɗinkin gefenta da farcen babban yatsa. Ya kira ni ya nuna mini baƙin ɗigo-ɗigo kamar an yarfa tawada, da wasu ɓawo-ɓawo kamar ƙaiƙayi. Ya sunkuya ya shinshina kan gadon.

Mai gidan ya ce, "Baba, wani abu ya faɗi ne?"

Malam ya ce, "A'a, ina gaishe da masu ɗakin ne. Na ga sun riga mu kamawa."

Mutumin bai ji daɗi ba, amma bai yi musu ba. Malam ya ɗaura igiya a reshen darbejiya ya rataye jakunkunanmu, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida nesa da bango, a nan muka kwana. Hajiya Tabawa ta ce ita bayanta ba na tabarma ba ne, ta shige ɗakinta. Da safe ta fito tana susar wuya da hannu biyu, cizon ya jeru mata a dantse kamar an yi layi. Ta dubi Malam ta ce, "Malam, ashe kai waliyyi ne." Na ce mata, "A'a, Hajiya, Kwastan ne." Ranar Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Iyakar da nake jin tsoro ashe ba katanga ba ce. Ka sauka daga mota, ka nuna katinka a nan, ka taka kaɗan ka nuna a can, shi ke nan wai ka shiga wata ƙasa. Wani ma'aikaci na can ya leƙa buhuna, ya ga mazarƙwaila, ya ce, "Inna, ta Makarfi ce? Tsohuwata ba ta shan kunu sai da ita." Da Hausa ya yi mini magana, ya juya ya yi wa abokinsa wani yare mai fita ta hanci. Daga nan ƙasa ta canja. Mun baro masara ta kai gwiwa a gida, can kuwa yashi ne fari, ba a ma yi shuka ba. Malam ya yi ta leƙen gonaki ta taga yana girgiza kai, ya ce, "Mutanen nan sun fi mu haƙuri."

Binta da ta ji tsayuwar mota ta fito a guje ba takalmi. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta kasa gaisuwa. Ya ce, "Tashi mana, kada su ce dukan ki muke yi a gida." Jikokinmu suka tsaya daga nesa suna kallon mu, sai da na fito da mazarƙwaila suka yarda ni kakarsu ce.

Masu tambayar yadda garin yake, ga abin da na gani. Hausa suke yi, amma makaranta lakwal suke ce mata, asibiti kuma likita. Burodinsu dogo ne kamar sanda, da bayansa mai tauri. Na gatsa sau ɗaya dasashina ya faɗa mini ba nawa ba ne, sai dai in tsoma a shayi. Shayin ma a wasu 'yan kofuna suke sha kamar na wasan yara, ga ɗaci, a zauna a kansa tun hantsi har azahar. Furarsu kuwa ta fi tamu, wannan ba zan ɓoye ba, geronsu yana da ƙamshi. Suna kwaɗa zogale da ƙuli su ci da rana kamar abinci, ba kamar mu da muke mayar da shi abin taɓawa ba.

Ranar da muka sauka na kama Malam a ɗakin da aka ba mu ya ɗaga katifa yana bin ɗinki da farce. Binta ta shigo da ruwa ta gan shi. Ta ce, "Baba, har gidana?" Ya ce, "Ƙwaro bai san 'yata ce ke ba." Bai samu komai ba. Ya ce mata, "Kin riƙe tarbiyya." Ta yi dariya, ta fita tana share ido.

Layyarsu ita ta fi ba mu mamaki. Mu a gida kafin azahar an soya hanta, yara sun fara yawo da maiƙo a baki. Can kuwa in an feɗe rago sai a baje shi a jikin sanduna, a kafa a bakin titi kewaye da wuta, na gida-gida a haɗe wuri guda. Haka za su wuni suna gasuwa, ba a rabo sai washegari. Malam ya zauna da mahaifin mijin Binta a ƙofar gida yana jiran a kawo nama. Da ya ga la'asar ta yi sai ya ce, "Alhaji, raguna sun yi sahu suna jin ɗumi, mu muna jin yunwa." Alhajin ya ce, "Ku Zage-zagi gaggawa gare ku. Ka bari gobe ka ci naman da ba ka taɓa ci ba." Washegari Malam ya ci, ya ce a ƙara masa.

Wunin da ya yi a bakin hayaƙin nan ne ya tayar masa da tarin, ko kuwa lokaci ne ya yi, Allah ne ya sani. Bayan Sallah zazzaɓi ya rufe shi. Mijin Binta ya kai shi asibiti, aka yi masa allura aka ba shi magani, ya ɗan ji sauƙi. Yana jin sauƙin ya ce a haɗa kaya. Binta ta yi roƙo, mijinta ya yi, Alhaji ya zo da kansa. Malam ya ce, "Masarata tana can tana jiran taki, Sani kuma hannunsa nauyi gare shi, sai ya ƙone ta." Na san ba masara ba ce. Gida yake so. Ban hana shi ba, don tun da nake da shi ban taɓa ganin an hana shi abin da ya sa a gaba ba.

Mun tsallako iyaka da yamma. Muna takowa ɓangarenmu hadari ya haɗu, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jikin Malam ya ɗau zafi, haƙoransa suna haɗuwa. Ba motar Kano, ba Hajiya Tabawa, ba wanda na sani sai gidan kwanan nan mai darbejiya. Tsakar gidan ta zama tafki, ba inda za a shimfiɗa tabarma. Mai gidan ya gane mu, ya taimaka mini muka shigar da Malam ɗaki. Da Malam ya ga inda za mu kwantar da shi sai ya ce, "Ba nan ba." Na ce, "Malam, ruwa ake yi, ƙasan ma ta jiƙe." Ya rufe ido. Na kwantar da shi a gadon, na lulluɓe shi da gwadonsa. Jakunkuna na rataye su a ƙusa bayan ƙofa kamar yadda ya koya mini, ni kuma na zauna a kujerar roba na naɗe ƙafafuna.

Da gari ya waye na ga wuyansa da hannuwansa. Kuɗin cizo sun ci shi ba tausayi. A jikin farin gwadon ga ɗigon jini nan ko'ina. Mutumin da ya shekara da shekaru yana tsare gidansa daga gare su, sai da suka same shi ba ya iya ɗaga hannu. Ya dubi gwadon, ya dube ni.

Muka samu mota. Ya ce sanyi yake ji, na sake yafa masa gwadon, ya jingina da kafaɗata. Muna fita daga Daura ya kama hannuna ya yi mini maganar nan da zan faɗa a ƙarshe. Na ce, "To, Malam." Na ji yana motsa baki da kalmar shahada, na ɗauka irin tasbihin da ya saba ne in zai yi barci. Wani dattijo da ke gefenmu shi ya lura. Ya taɓa wuyansa, ya ce wa direba, "Ɗan samari, samu wuri ka tsaya." Da na ji ya fara Inna lillahi na gane.

Wani ƙauye ne a bakin hanya, ko sunansa ban riƙe ba. Allah ya saka wa mutanensa da Aljanna. Maza suka ɗauke shi zuwa inuwar masallaci, mata suka ja ni cikin wani gida. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta zauna ta riƙe ƙafafuna, ba ta ce mini in yi haƙuri ba, riƙewa kawai ta yi. Direba ya karɓi wayata ya kira Sani. Kafin la'asar Sani ya iso da ƙanin mahaifinsa. Suka yi shawara a rufe Malam a nan, don ya sha faɗa cewa duk inda ya faɗi kada a wahalar da gawarsa, ƙasa duk ta Allah ce. Mutanen ƙauyen suka kawo likkafani, suka haƙa kabari, suka yi masa salla kamar ɗan garinsu. Aka miƙo mini hularsa da carbinsa da gwadon. Na ciro baƙar leda daga aljihun jakarsa na sa gwadon na ɗaure, na rungume shi har gida.

Mun iso gida ya cika da mutane. Sani ya ɗauko jakunkuna ya nufi ciki, ya kai tsakiyar zaure sai ya tsaya cak. Ya ajiye su a inda mahaifinsa ke sa a ajiye, ya dafa bango ya fashe da kuka. Ba wanda ya ce a yi, amma aka hura wuta. Na wuce banɗaki na yi wanka aka miƙo mini kayan gida. Rakiya ta tafasa duk abin da muka dawo da shi. Da ta miƙo hannu wajen ledar da ke gefena na ce, "Ban da wannan."

Na rataye ta a reshen mangwaron tsakar gida. Kabarinsa yana can inda ƙafata ba za ta kai ba. Rigunansa za a raba, wasu gado wasu sadaka. Na roƙi yaran su bar mini gwadon, suka bari. Kullum da safe sai in kwance bakin ledar kaɗan, in sa hancina, in ɗaure. Malam yana ciki. Goron nan, hayaƙin nan, har zufar zazzaɓinsa. Na kuma san abin da ke ciki tare da shi. In na shiga da gwadon ɗaki na shiga da su, in na tafasa shi warin ya tafi.

A lokacin Rakiya tana da jaririya ko arba'in ba ta yi ba, ɗakinta kuma bango ɗaya ya raba da nawa. Na sa aka ɗora ledar a kan kwano ko rana za ta yi mini aikin ba tare da ruwa ba. Amma damina ce, rana ta leƙo hadari ya rufe ta. Malam da kansa yakan ce ranar damina ɗumi kawai take ba su. Sani ya ce, "Inna, a fesa masa fiya-fiya mana." Na ce, "A gidan ubanka?" Ya sauko da ledar ya mayar da ita reshen mangwaro.

Maƙwabciyata Maman Dauda, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, mun tsufa muna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Ta same ni a gindin mangwaron na sa fuska a leda. Ta zauna a kan turmi ta jira na ɗaure.

Ta ce, "Mairo, kin san abin da ke ciki."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ni da Baban Dauda ya rasu, takalminsa na gona na ajiye a ƙarƙashin gado har ya ruɓe. Ba zan ce miki ba ki da hankali ba. Amma takalmi ba ya cizon jariri."

Na yi fushi da ita, na ƙi gaishe ta ta kan katanga. Wadda ta karya ni ita ce Rakiya. Tana cewa kada in sa wannan a rubutu, na ce ta sa. Bayan addu'ar bakwai ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina da yarinya a kafaɗa. Ta ce, "Inna, na ga ba kya barci. Ki shiga da gwadon Baba ki lulluɓa. Ni sai in tafi gidanmu da yarinyar, in an ga yadda za a yi in dawo." Ba da gatse ta faɗa ba, da zuciya ɗaya ta faɗa. Na dubi jikar Malam tana barci, fatarta sumul. Wai ita za ta bar gidan kakanta, ƙwaron gidan kwana ya shigo.

Na ce a sauko mini da ledar. Da hantsi ne. Na ɗauko babban faranti na zauna a tsakar gida nesa da ɗakuna, na warware gwadon a kai. Na bi ɗinkin da ya haɗa ƙyallayen saƙin da farce, yadda na ga yana yi. Suna nan. Sun lafe a jere cikin ɗinki, ga ƙwansu fari-fari kamar tsakin shinkafa. Ɗaya ya fito ya bi gefen faranti. Na danne shi da farce, baƙin jini ya fito. Tun daga gidan kwanan nan ba wanda ya lulluɓa da gwadon sai mutum ɗaya. Na daɗe ina kallon farcena.

Na ce wa Rakiya ta matsa da yarinya. Ni na jera itace, ni na hura wutar, ni na ɗora tukunyar biki. Maman Dauda ta ji ƙarar tukunya ta shigo ba sallama, ta tsaya a bayana. Na jira ruwan ya yi ta tafarfasa har yana tsalle, don Malam ba ya yarda da ruwan da ya tsaya a ɗumi. Na sa fuskata a gwadon sau ɗaya. Na tura shi ciki, ledar kuma na jefa ta a wuta, na danna shi da muciya.

Da tururin ya tashi sai warin Malam ya cika tsakar gida. Ba ni kaɗai na ji ba. Rakiya ta ce, "Wayyo Baba." Sani yana shigowa daga gona da fartanya a kafaɗa, ya tsaya, ya waiwaya wajen zaure kamar mai jiran a yi gyaran murya, sannan ya juya ya fita. Na tsaya a cikin tururin har idona ya daina gani. Iska ta zo ta ɗauke shi ta kan katanga. Da na sake sunkuyawa, ruwan zafi ne kawai da tsumma.

Kuɗin cizo ko ɗaya bai shiga gidan nan ba. Yarinyar tana nan ta fara zama, ba tabo a jikinta. Gwadon yana kan gadona, da shi nake lulluɓa, warin sabulu yake yi. Wani lokaci in cusa hanci a ɗinkin ko wani abu ya saura. Babu.

Wadda za ta yi tafiya a cikinku, ta duba ɗinkin katifa tun da sauran haske, ta rataye jakarta, in ta dawo ta bar ta a zaure ta hura wuta. Ni ba abin da na sani ya wuce wannan, shi ma ba nawa ba ne.

Rakiya, rubuta wannan yadda zan faɗa, kada ki gyara. Muna fita daga Daura ne, ruwa ya wanke hanya, kansa yana kafaɗata. Ya laluba ya kama hannuna, ya ɗora shi a kan gwadon da ke ƙirjinsa. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na kai kunne. Ya ce:

"'Yar Saulawa, gwadon nan ya kwana a gadon mutane. Kada ya tsallake zaure. Ki tafasa ruwa sosai, kada ki ji tausayinsa."